Faɗuwar Bankin Lehman Brothers da Darasin da ke Cikinta



Maganar da zan yi muku yau ta shafi amanar dukiya, watau yadda banki kan rushe idan masu lura da shi suka yi sake.

Ran 15 ga watan Satumba na 2008, Lehman Brothers, wani babban bankin zuba jari na birnin New York a ƙasar Amurka, ya kai kansa gaban kotu ya ce ya karye. An kafa shi tun 1850, amma ya faɗi da bashin dala miliyan dubu 613 a kansa. Ma'aikata dubbai suka rasa aikinsu, kasuwannin duniya kuma suka girgiza.

To, me ya jawo haka? Da fari dai bankin ya yi ta cin bashi yana zubawa cikin cinikin gidaje da filaye, har ya zamana dukiyar da yake juyawa ta ninka jarinsa na kansa wajen sau 30. Da farashin gidaje ya faɗi, jarin nan bai isa ya rufe asarar ba.

Na biyu, mutum guda, Richard Fuld, shi ne babban manajan bankin, shi ne kuma shugaban majalisar daraktocin da aka ɗora wa alhakin tsawata masa. Wa zai binciki wa ke nan?

Na uku, rahoton Anton Valukas, wanda kotu ta naɗa ya yi bincike, ya bayyana a 2010 cewa bankin yakan kawar da kadarori na wajen dala miliyan dubu 50 daga littattafansa gab da lokacin ba da lissafi, don a ga kamar bashinsa bai yi yawa ba, bayan 'yan kwanaki kuma ya maido su. Har wa yau, bankin ya ƙetare iyakar kasadar da ya yanka wa kansa, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta sani, amma ba ta taka masa birki ba.

'Yan'uwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a nan Nijeriya, cikin watan Agusta na 2009, Babban Bankin Ƙasa ya sauke shugabannin bankuna 5 saboda munanan basussuka, ya zuba Naira miliyan dubu 420 don ceto su.

Saboda haka wajibi ne a raba kujerar manaja da ta shugaban daraktoci. Wajibi ne hukuma ta duba littattafai da idonta, in ta ga ɓarna ta yi hukunci nan da nan. Ku kuma masu hannun jari, ku halarci taron shekara, ku karanta lissafi, ku yi tambaya ba tare da jin nauyi ba, gama dukiyarku ce.

Allah ya taimaki Nijeriya, amin.