Kafin Ku Ɗaure Kaya Ku Bar Nima



Ɗaki ɗaya ya yi wa iyali kaɗan, shi ya sa da yawanmu ke komawa Kasoa, Amasaman ko Ashaiman. Haya ta fi sauƙi a can, amma araha ba ta ado. Mai aiki a Ankara da ya zauna Kasoa, da asuba zai hau trotro, ya maƙale a mahaɗar Mallam, ya dawo yara sun yi barci.

Kafin ku biya mai gida, ku tambaya: yaro zai iya takawa zuwa makarantar gwamnati da ta Islamiyya? Wa zai riƙe jariri in uwa ta tafi kasuwa, tunda an bar kaka a Zongo? Nawa ne kuɗin mota a wata?

Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba ɗaya, amma na shekara biyu ake nema, gwamnati tana kallo. Jam'iyyarmu za ta tsaya a bi dokar, ta buɗe wuraren renon yara kusa da kasuwanni.

Ranar zaɓe ku fito, ku ba mu ƙuri'unku. Allah ya ba mu sa'a.