WA ZAI CIYAR DA YARON DA KE KWANA A KASUWA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa matasa a birnin Sakkwato kan halin yara da iyalai marasa muhalli. 



Duk wanda ya taɓa bi ta Babbar Kasuwa ko tashar mota bayan sallar isha, lokacin hunturu, ya san abin da za mu yi magana a kai. Yara ne kwance a kan kwali a bakin rumfa, wani bai kai shekara bakwai ba. Mutane kan ce, "Ai almajirai ne," su wuce. To, nan ne kuskure ya faro, kuma hukuma ma a kansa take gina shirye-shiryenta.

Yaran nan iri biyu ne. Akwai almajiri, wanda yake da malam, yake da allo, yake da zauren da zai koma ko da ba ƙofa. Akwai kuma wanda ba ya da kowa, yaron da 'yan bindiga suka tashi garinsu a Isa ko Sabon Birni ko Rabah ko Goronyo. Kun tuna harin Tabanni a 2018, wanda ya cika garin Gandi da 'yan gudun hijira. Kun tuna harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, da motar da aka ƙone da fasinjoji a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar. Waɗanda suka tsira daga irin wannan, ina suka nufa? Da yawa nan birni suka shigo, uwa da 'ya'ya biyar ba miji, suna fakewa a kangon da ba a gama ginawa ba. Ran da mai gini ya samu kuɗin kwano, ran nan za su kwana a titi.

To, me mahukunta suka yi? A watan Afrilu 2012 Shugaba Jonathan ya zo Gagi ya buɗe makarantar almajirai ta kwana, ta farko cikin 157 da aka ce an gina a faɗin ƙasar. An yanka kyalle, an ɗauki hoto. Amma Tarayya gini ta yi, ta bar wa jihohi ciyarwa da albashi, kuma da yawa daga makarantun nan sun lalace. Ka ga, gini yana da kwangila, tuwon yaro na kullum ba ya da ita. Wannan ita ce maganar.

Sai 2020, da annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka yi shawara a kwashe almajirai kowa a mai da shi jiharsa. Aka riƙa loda yara a manyan motoci ana miƙa su daga wannan jiha zuwa waccan, wasu ma aka same su da cutar bayan sun isa. A mai da yaro gida, wane gida? Wanda aka ƙone rumbunsa? Kuma ƙauyen ma bai tsira ba, domin a watan Maris 2024 an shiga Gidan Bakuso a ƙaramar hukumar Gada cikin dare aka kwashi almajirai 15.

Doka kam akwai ta. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003, Sakkwato ta sa hannu a kan tata a 2021, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ba mu raina ba. Amma doka ba ta tashi ƙarfe biyun dare ta lulluɓe yaro.

Wani abin mamaki, a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ake wannan. Jama'ar Shehu da kansu 'yan hijira ne, sun bar Degel zuwa Gudu a 1804, sun san yunwa, sun san kwana a fili. A tsarin da suka bari, ciyar da mabuƙaci nauyi ne a kan baitulmali, ba alfarma ba ce. Matalauci da miskini da matafiyin da guzurinsa ya yanke duk suna da rabo a zakka. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuɗin hukuma ya koma wata hanya, aka bar malam da almajiransa su nemi na kansu. Da maƙwabta na riƙe su, kowane yaro yana da gidan da yake ɗaukar tuwo. Yau mai gidan ma bai ƙoshi ba.

To, ku matasa, ga aikinku. Kowa ya san unguwarsa, Mabera ce ko Arkilla ko Runjin Sambo. Ku fita biyu-biyu bayan isha da littafi da biro. Ku rubuta yara nawa ke kwana a waje, wa ke da malam, wa ba ya da shi, uwa nawa ke cikin kango, daga wane gari. Ban da ɗaukar hoton kowa, talauci bai cire wa mutum mutunci ba. Wannan takarda ku kai wa mai unguwa da limami, ku kai kwafi Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ku karɓi shaidar an karɓa. Sannan ku tambayi ɗan majalisarku, cikin ladabi amma a gaban mutane, nawa aka ware wa ciyar da yaran nan a kasafin bana, kuma nawa aka fitar.

Yaron da kuka tarar ba ya da lafiya kada ku jira takarda, ku ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Wanda gidansu ke da zaure ya nemi izinin mahaifinsa kafin sanyi ya shigo. Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowace unguwa ta zo da nata lissafin.