Littattafan da Za Su Taimaki Yaranmu a Darar Ces



Da yawa daga cikinmu na son kafa ƙungiyar darar ces a makarantunsu, amma albashin malami ba ya ɗaukar sayen littafin da ba zai amfane shi ba. Don haka ga huɗu da nake ba da shawara a kansu, bisa tsarin da ya dace a bi.

Na farko shi ne Bobby Fischer Teaches Chess, na 1966. Kusan kowane shafi hoton allo ne da tambaya, amsa kuma tana shafi na gaba. Yaron da Turancinsa bai nuna ba zai iya binsa, ya koyi yadda ake rutsa sarki.

Na biyu, Chess Fundamentals na Capablanca, mutumin Kuba da ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927. Ya soma da ƙarshen wasa, lokacin da 'ya'ya suka ragu a allo, domin a nan ne ɗalibi ke gane ƙarfin kowane ɗa. Ana samun sa kyauta a intanet.

Na uku namu ne, malamai: Logical Chess: Move by Move na Irving Chernev, na 1957. Wasanni 33 ne, an bayyana dalilin kowane taku. Wanda ya karanta shi ba zai rasa amsa ba idan yaro ya ce, "Malam, don me?"

Na huɗu, kundin Laszlo Polgar na ƙasar Hungari, mai matsaloli da wasanni 5,334. Shi ne ya koyar da 'ya'yansa mata uku, har Judit ta shiga sahun gwanaye goma na duniya. Kwafi ɗaya ya ishi makaranta. A zana matsala guda a allon aji kowace safiya.

Littattafan haddar buɗe wasa kuwa, a dakata da su tukuna, da rarrafe yaro kan tashi. Kuma kada a karanta ko ɗaya sai da allo a gaba.

Tunde Onakoya ya fara da yaran unguwannin talakawa a Legas a 2018. Namu yaran ba su gaza su ba. Ina roƙon reshe ya sayi kwafi ɗaiɗai, makarantu su riƙa aro bi da bi.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.