Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Yaƙi da Jahilci, Tungar Daji



Wakilin Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka, Allah ya ja zamanin Sarki, wakilin shugaban Ƙaramar Hukumar Anka, hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, baƙinmu na Gummi da Bukkuyum, iyayenmu mata da ke can bayan zana, ina gaisuwa.

Ɗaliban nan sun iya karatu, sun iya wasiƙa, sun iya lissafin buhu, wasu har sun haɗa boko da ajami. Madalla da malamansu. Da yake a zaure aka koyar da su, bari in ajiye takardar da aka rubuta mini, in yi magana kan zaure.

A zaure baƙo ke sallama ya tsaya. Nan ake cin tuwon dare, nan almajiri ke kwana, nan ake sulhu da karɓar gaisuwar mutuwa. Duk abin da zai shiga cikin gida sai ya gifta ta gaban maigida. To, ta nan buhunan dutsen zinariya suka wuce aka daka a tsakar gida, ƙura ta bi yara. A 2010 gubar dalma ta bayyana nan da Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Bagega. Yara sama da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. An rubuta rahotanni da Turanci. Sunayen yaran fa, wa ya rubuta?



Ɗalibai, ku ɗauki littafi ku zauna gaban dattijo bayan isha'i. Ku rubuta sunan kowane yaro, da sunan uba, da shekara. Haka ma iyakar gona, bashi, sadaki, duk ku rubuta ku sa shaidu. In tsoho ya yi Zamfaranci ku bar masa abinsa, kada ku mayar da shi Bakano. In kun gama ku karanta masa da ƙarfi. Inda ya girgiza kai, ku soke. Mata ku yi naku a cikin gida, don ku kuka yi jinyar yaran.

Ranka ya daɗe wakilin shugaba, a isar mana da roƙo: littattafan rubutu, biro, da fitila mai aiki da hasken rana ga kowane zauren karatu.