Daga kulob ɗin rediyo zuwa fada: ina muka baro muryarmu?

Jawabin da wani daɗaɗɗen ɗan kulob ɗin masu sauraren rediyo ya yi wa matasa a Damagaram, albarkacin ranar rediyo ta duniya, 13 ga Fabrairu.

Ƙannena da ƴaƴana, samari da ƴan mata, sannunku da zuwa. Na ga wasu tun daga Kara-Kara suka tako, wasu daga Garin Malam, ga ƴan Birni da ƴan Zango, ga kuma ɗaliban jami'ar André Salifou can baya. Allah ya saka da alheri.

Da aka ce in zo in yi magana kan kulob ɗin rediyo, wani yarona ya yi dariya, ya ce, "Baba, wa zai zauna ya saurari zancen rediyo yanzu, kowa da salularsa?" Na ce masa to, kai da kake kwana a fada, ka san inda fada ta samo asali? Ya yi shiru. Shirun nan nasa shi ya kawo ni gabanku yau.

Bari in fara daga can baya. A 1962, shekara biyu kacal bayan samun ƴancin kai, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. A lokacin akwatin rediyo ba na kowa ba ne, gari guda sai ka samu ɗaya ko biyu. Tsarin da aka yi mai sauƙi ne. Da dare mutane su taru, mai jagoranci, wanda galibi mushen lakwal ne, ya kunna rediyo a saurari shiri da Hausa ko da Zabarmanci, kan noma, ko kiwon lafiya, ko karatun yara. In an gama sai a kashe akwatin a buɗe mahawara. Mai jagorancin yana da na'urar ɗaukar magana, ya ɗauki abin da manomi ya ce, da abin da tsohuwa ta ce, a aika Yamai. Da waɗannan muryoyin ake haɗa wani shirin. Ku duba fa: tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, amma talaka yana zaune a kan tabarmarsa sai ya ji muryar ɗan'uwansa talaka tana fitowa daga akwati, kuma ya san mahukunta ma suna iya jinta.

Aiki uku ke nan: a saurara, a tattauna, a mayar da magana. Ku riƙe su, don duk jawabina a kansu yake.

Mu kuma da muka taso daga baya, mun tarar da Muryar Sahel, sunan da rediyon ƙasa ta ɗauka a 1974, ga Rediyon Kaduna, ga sashen Hausa na BBC da ya fara tun 1957, ga Muryar Jamus, ga Muryar Amurka. Muna yara muka koyi rubuta wasiƙa saboda rediyo. Ka sayi ambulan da tambur, ka kai gidan waya, ka jira wata ɗaya ko biyu. Ranar da aka karanto sunanka da na unguwarku, wallahi har abinci ba ka iya ci don murna.

Sai aka yi babban taron ƙasa na 1991, baki ya buɗe, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara fitowa. Anfani ta iso Damagaram, daga baya wasu suka biyo. A daidai wannan lokacin aiki ya yi wuya, wanda ya gama lakwal ba ya samun gurbi a gwamnati kamar da. Samari suka riƙa taruwa ƙofar gida, ga butar shayi, ga rediyo. Kowane gungu ya raɗa wa kansa suna don a ambace shi a filin gaishe-gaishe. Daga gaisuwa aka shiga gasa: wace fada ce ta share maƙabarta, wace ce ta yashe lambatu, wace ce ta kai ziyara gidan likita, don a faɗa a rediyo gari ya ji. Nan Damagaram abin ya yi ƙarfi kafin ya bazu sauran garuruwa, har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta fitar da littafi sukutum a 2019 mai suna Fada. To kun ji. Rediyo tana cikin waɗanda suka yi wa fada wankan jego.

Yanzu bari in gaya muku yadda namu kulob ɗin yake tafiya, don kada ku ɗauka wani babban abu ne. Ba mu da ofis. Rumfar shagona ce, inda nake gyaran rediyo. Muna haɗuwa ran Juma'a bayan la'asar. Cikinmu akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai malamar lakwal, akwai mai sayar da goro a kasuwar Dole, akwai wani dattijo makaho wanda ya fi mu duka riƙe labari, don shi kunnensa ne littafinsa. Kowa yana zuba dala ashirin a mako. Da kuɗin muke sayen batir da shayi da katin waya, abin da ya rage a ajiye don suna ko rasuwa ko rashin lafiyar ɗayanmu. Muna da littafi guda, sakatariyarmu ke riƙe da shi. A ciki ake rubuta shirin da muka saurara, da abin da aka ce, da abin da muka yanke za mu mayar wa gidan rediyo.

Kuma muna da doka ɗaya da ba a taka ta: ba ma aika labarin da ɗayanmu bai je ya gani ba, ko bai ji daga bakin mai abin ba. Dokar nan ba daga littafi muka samo ta ba, kunya ce ta koya mana. Shekarun baya wani ya zo da gudu ya ce wani dattijon unguwarmu da ke kwance ya cika. Ni da kaina na rubuta sanarwa, na hau keke na kai gidan rediyo, aka karanta. Kafin magariba ƴan'uwansa sun fara sauka daga ƙauye, mata na kuka tun daga bakin titi. Suka tarar da shi zaune yana shan kunu. Ya yi shekaru bayan nan yana raye, kuma duk inda ya gan ni sai ya ce, "Ga wanda ya kashe ni." Kuna dariya, amma ƴarsa da ke da tsohon ciki faɗuwa ta yi da ta ji sanarwar, sai da aka kwana da ita gidan likita. Ba laifin gidan rediyo ba ne, sun yarda da mu ne. Laifina ne. Tun ranar na san magana zarar bunu ce.

Ni keke na hau kafin ƙaryata ta isa gari. Ku yanzu ɗan yatsa kawai kuke dannawa. Saƙon murya ya shigo WhatsApp, ba a san mai maganar ba, ba a san garin ba, ba a san ranar ba, kafin shayi na biyu ya nuna ya zaga fada hamsin. Wanda ya ga abin da ya faru a garin nan ranar 16 ga Janairun 2015, da rayukan da aka rasa da gine-ginen da aka ƙona, ya san yadda zuciya ke saurin kamawa in taro ya yi zafi. A irin wannan ranar, unguwar da ke da mutum goma da suka saba zama su ce "tsaya, wa ya faɗa, wa ya gani?" ta fi unguwar da ba ta da su kwanciyar hankali. Wannan sabon ba ranar tashin hankali ake koyonsa ba. A zaman Juma'a ake koyonsa, kan ƙananan abubuwa.

Ga misalin mayar da magana. Kun san ƙishirwar garin nan, ba sai na ba ku labari ba, da ita aka haife mu. Wata bazara famfon unguwarmu ya yi makonni ba ɗigo, kuɗin jarka ya ninka. A fada kowa zagi yake, zagin kuma iyakarsa bakin tabarma. Sai malamar nan tamu ta ce a ba ta waya. Ta je layin ruwa da asuba ta ɗauki muryar mata shida: ƙarfe nawa suka fito, nawa suke kashewa a yini, yaran da suka fasa zuwa lakwal don jiran layi. Ba zagi, ba sunan kowa. Muka kai wani gidan rediyo, suka saka a shirinsu, suka gayyato wani mai alhakin abin ya amsa. Ba zan ce muku ruwa ya zo washegari ba, ƙarya ke nan. Amma an faɗi ranakun da za a riƙa sako shi, mata suka daina kwana a layi a banza. Kuma matan nan shida, har yau in sun gan mu sai su tambaya yaushe za a sake ɗaukar magana.

Akwai kuma wani reshe na masoya rediyo da nake so masu son aikin hannu su sani. A duniya akwai mutanen da ba saurare kawai suke ba, su ma suna da na'urar aika magana, suna hira da junansu daga ƙasa zuwa ƙasa, ba don kuɗi ba, don sha'awa da ilimi. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Paris a 1925, shi ya sa suke bikin ranarsu kowace 18 ga Afrilu. Kowannensu yana da lambar kira, kuma farkon lambar ke nuna ƙasarsa: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N. Sirrin abin yana ga gajeren zango. Tashar FM kusan iyakar inda eriyarta ke hange take kaiwa, shi ya sa in ka yi nisa da gari sai ta ɗauke. Shi kuwa gajeren zango sama yake tafiya, ya bugi wani rufi na iska can ƙololuwa ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Babu ruwansa da rezo, babu ruwansa da intanet. Lokacin girgizar ƙasar Nepal a 2015, da layukan waya suka lalace, irin waɗannan mutane sun taimaka wajen isar da saƙonni.

Amma ku ji da kyau. Aika magana ta iska ba a yinsa sai da lasisi. A ƙasar nan hukumar ARCEP ke kula da rabon zango. A halin tsaron da muke ciki, yaron da ya haɗa na'ura ya fara watsa magana ba izini, kansa da iyayensa ya jawo wa. Abin da ba ya buƙatar izinin kowa shi ne saurare da koyon gyara. Waya mai tsawon mita goma da ka ɗaura daga katanga zuwa bishiya ta isa ta sa tsohuwar rediyo ta kamo tashoshin da ba ka taɓa ji ba. Duk mai so ya zo shago ran Asabar, in nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen dalma da yadda ake auna batir. Ƴan mata ma ku zo, wadda ta fi kowa hannu cikin waɗanda na koya wa mace ce.

Kada ku ce wannan kayan tsofaffi ne. Ku tuna watan Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Waya ta mutu, layin caji ya fi layin ruwa. Wa aka koma nema? Mai ƴar rediyo da batir biyu. Ku tuna daminar 2024, da ruwa ya rushe gidaje har da tsohon masallacin Birni. A irin wannan dare, sanarwar da ta ce kada a kwana a ɗakin da ya jiƙa, ko ga lakwal ɗin da aka buɗe wa waɗanda gidansu ya faɗi, tana iya zama tsakanin rai da mutuwa. Kuma tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki ba ta Facebook.

To me nake roƙonku? Ba na ce ku jefar da salula ba, ni ma ga tawa a aljihu. Ba na ce ku kafa sabuwar ƙungiya da shugaba da hatimi ba, mun gaji da waɗannan. Fadarku ta isa. Ku ware awa ɗaya a mako. Ku zaɓi shiri ɗaya, na gidan rediyon gari ko na Studio Kalangou da ke watsa shirye-shirye da harsunanmu tun 2016, ku saurara tare. In an gama ku kashe, kowa ya faɗi abin da ya fahimta, har da ƙaramin da ke dafa shayi. Mutum ɗaya ya rubuta. Sannan ku zaɓi magana ɗaya tak da ta shafi unguwarku, ku je ku gani da idonku, ku ɗauki muryar masu abin da izininsu, ku kai gidan rediyo. Wayar da ke hannunku ta fi na'urar da mushen 1962 yake saɓawa a kafaɗa kyau nesa ba kusa ba. Abin da yake da shi wanda muka yi sakaci da shi, zaman ne da haƙurin jin juna.

Kuma ku jawo waɗanda ba a kira. In kun ce ƴan pale ba sa jin magana, ku tambayi kanku yaushe aka taɓa miƙa musu makirfo. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky ya ga cewa samarin Kara-Kara suna da abin faɗa in an tsaya an saurare su.

Yaron nan nawa da ya yi mini dariya, ga shi can zaune kusa da ƙofa yana sunkuyar da kai. Na ba shi tsohuwar rediyon mahaifina, ya gyara ta da hannunsa makon jiya. Juma'a mai zuwa a fadarsu za mu yi zama, ba a shagona ba. Mai son zuwa ya zo da dala ashirin ɗinsa da kofinsa.

Inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah ya zaunar da Damagaram lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya.