Gansakuka a Tafkin Ninkaya na Bayan Gida

A cikin watan Agusta na shekarar 2016, ana tsakiyar wasannin Olamfik a birnin Riyo na ƙasar Barazil, sai aka wayi gari ruwan tafkin da 'yan wasa ke tsunduma a ciki ya rikiɗa ya zama kore shar. Bayanin da masu shirya wasannin suka bayar daga baya shi ne, an zuba wa ruwan sinadarin haidurojin feroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi, shi kuwa ya karya ƙarfin kulorin da ke ciki. Babban tafkin da ke kusa da shi ma ya gurɓace, har sai da aka kwashe ruwansa, fiye da lita miliyan 3, aka zuba sabo. To, idan haka ta faru a hannun ma'aikata a idon duniya, ina ga mai gida da ɗan tafkinsa na bayan ɗaki?

A ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, tafkin ninkaya a cikin gida ba abin mamaki ba ne, kuma babban abokin gābar mai shi ita ce gansakuka. Duk wanda ya taɓa wanke randar da ta daɗe ya san santsinta. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu; iska da ruwan sama da ƙura ke kawo su, ba kuwa katangar da za ta hana su shiga. Abin da suke bukata kurum shi ne rana da ɗumi da ruwa mai kwanciya, da ɗan abinci daga ruɓaɓɓen ganye ko takin da aka watsa wa ciyawa. A lokacin zafi, kwana ɗaya ko biyu ya ishe su su rine tafki.

Muni ba shi ne babban laifin gansakuka ba. Bayyanarta shaida ce cewa kulorin ya ƙare ko ya yi rauni, watau mai gadi ya bar ƙofa, ƙwayoyin cutar gudawa da na ciwon kunne sun sami wurin zama. Har ila yau, ruwan da ya yi duhu yakan ɓoye ƙasan tafki, yaro ya nutse ba mai ganinsa. A shekarar 2007, lokacin da mutane da yawa a Kalifoniya suka kasa biyan bashin gidajensu suka tashi, tafkunan da suka bari sun zama matattarar sauro. Masu bincike sun danganta wannan da ƙaruwar cutar da ake kira zazzaɓin Yammacin Nilu a yankin Bekasfil. Sai da hukumomi suka riƙa neman koren tafkuna daga jirgin sama, suna sakin ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro a cikinsu.

Maganin da kowa ya sani shi ne kulorin. Abin dariya, sunan nan da Humphry Davy ya raɗa masa a 1810 daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin kore-kore. Adadin da ake so kaɗan ne: kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan. Alal misali, tafki mai lita 50,000 yana bukatar giram 50 zuwa 150 na kulorin mai aiki a kowane lokaci. Amma fa a nan ne galibin masu gida ke ruɗewa, domin zuba magani dabam, aikinsa dabam. Ƙarfinsa ya dogara ga tsamin ruwan, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Idan ma'aunin yana kan 7.5, kimanin rabin kulorin ne ke aiki sosai. In ya hau zuwa 8, bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka ake son a tsare shi tsakanin 7.2 da 7.8. Mutum yana iya ƙarar da kuɗinsa kan magani alhali ruwan nasa ya daure maganin. 'Yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa, sau biyu ko uku a mako, ita ce mafi arha cikin kayan aikin duka, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Rana ma tana cin kulorin. A tsakar rana takan lashe mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i. Don haka akan haɗa shi da wani sinadari, asid sayanurik, wanda ke zame masa laima. Sai dai laimar ba ta ƙarewa, taruwa take yi, in ta yi yawa kuwa sai ta sanyaya maganin, kuma hanyar da aka saba rage ta ita ce a zubar da wani sashe na ruwan a ƙara sabo. Warin nan mai ƙarfi da ke sa ido ja, wanda mutane ke ɗauka yawan magani ne, hasali ma alamar kulorin ne da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya gaji.

Sauran aikin na famfo ne da hannu. Lalle ne injin ya riƙa zagaya da ruwan ta cikin matata, kimanin sa'o'i 8 a rana lokacin zafi, domin a kusurwoyi da ƙarƙashin matakala, inda ruwa ke kwanciya, gansakuka ke fara kafa sansani. A kwashe ganye kullum, a goge bango da buroshi mako-mako. Koriya tana da sauƙin kai. Rawaya takan maƙale a gefen inuwa, ta komo bayan an share ta. Baƙa kuwa, wadda a haƙiƙa wata irin bakteriya ce, takan shige cikin tsagar siminti ta rufe kanta da ɓawo, magani ba ya isa gare ta sai an kankare ta da buroshin waya.

In har ruwa ya riga ya rine, sai a fara daidaita tsaminsa, a goge bango, sa'an nan a zuba kulorin ninkin ba ninkin bayan faɗuwar rana, a bar famfo yana aiki dare da rana, ana wanke matata, har ruwan ya washe. Kada kowa ya shiga sai gwaji ya nuna maganin ya sauko, ana kuma ganin ƙasan tafkin sarai. Wajen ajiya kuma, kada a kuskura kulorin da asid su haɗu a bokiti ɗaya ko su zube a kan juna, gama iskar da ke tashi daga haɗuwarsu ita ce wadda aka yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915. A ajiye kowanne dabam, a busasshen wuri mai iska, a rufe da kwaɗo inda hannun yara ba zai kai ba.