Sabuwar Hanyar Watsa Talabijin: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Yankin Bagauda

 Wannan jawabi ya shafi sauyin da ake yi ga aikin talabijin a Nijeriya, da abin da zai jawo wa talakawan ƙasar Kano ta kudu. Ko da yake magana ce ta injiniyoyi, duk ran da hoto ya ɓace a akwatin mai unguwa, ƙofar hakimi za a fara zuwa da tambaya. Saboda haka ya kyautu a san amsa tun kafin a zo.

Yadda aka faro

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna cikin 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Cikin 1977 Gwamnatin Tarayya ta tattara gidajen talabijin na ƙasa duka ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka sani yau da NTA, har ya zama labaran ƙarfe tara na dare daga ɗaki guda suke fitowa, sauran tashoshi su karɓa su miƙa wa jama'arsu. Daga baya, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa nata gidan, watau CTV, wanda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi.

A tsohon tsari kowane gida shi ke ɗaukar kayansa da kansa. Yana da ɗakin shirye-shirye, da na'urar watsawa, da dogon ƙarfen eriya, da injin wuta, da zango guda a sararin sama wanda babu mai shiga sai shi. Ma'aikaci kuwa yana zaune gaban agogo, in shiri ya ƙare ya zare kaset ya sa wani. In ya yi gyangyaɗi, ko kaset ya sarƙe, sai masu kallo su yi ta duban allo babu kome.

Dalilin sauyi

Zangon sararin sama kamar fadama yake: yana da iyaka, masu bukata kuwa kullum ƙaruwa suke yi, musamman kamfanonin wayar hannu. Cikin 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka yi yarjejeniya a birnin Janeba cewa za su bar tsohuwar hanya su koma ga ta dijital, aka sa 17 ga Yuni, 2015 ta zama wa'adi. Nijeriya ba ta cika wa'adin nan ba, haka kuma wanda ta sa wa kanta na 2017. Amma an fara aikin jiha jiha: Jos cikin Afrilu 2016, Abuja cikin Disamba na shekarar nan, Kaduna cikin Disamba 2017, Legas cikin Afrilu 2021, sa'an nan Kano cikin Nuwamba 2021. Hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ita ke jan ragamar aikin.

Ma'anar dijital ita ce a mai da hoto da murya su zama lambobi, a matse su, a aika, akwatin mai karɓa ya warware su. Da yake an matse, zangon da ke ɗaukar tasha ɗaya a da, yanzu yana iya ɗaukar tashoshi goma sha, har ma fiye. Sauran filin da ya rage sai a ba masu waya da intanet.

Tattara aiki wuri ɗaya

Sabon tsarin ya raba aikin gida biyu. Gidan talabijin ya tsaya ga shirya abin da za a nuna. Watsawa kuwa an damƙa ta ga kamfanoni na musamman da aka ba lasisi, irin su ITS, wanda ya fito daga jikin NTA, da Pinnacle. Kowace tasha ta aika da shirinta zuwa cibiya guda, a can a haɗa su cikin ɗauri ɗaya, a ɗora bisa eriya ɗaya. Misalinsa kamar manoma ashirin ne da kowa ke hayar jakinsa zuwa kasuwa, suka koma zuba kayansu cikin babbar mota guda.

Cikin gidan talabijin kansa, kwamfuta ta karɓi aikin mai sauya kaset. Ana ajiye shirye-shirye cikin rumbunta, a rubuta mata jadawalin yini: karatun Alƙur'ani da ƙarfe kaza, labarai da ƙarfe kaza, talla ta daƙiƙa talatin, sanarwa ta minti ɗaya. Ita kuwa ta bi jadawalin daki daki, ba ta makara, ba ta mantuwa. Mutum biyu ko uku a ɗaki guda suna iya lura da tashoshi masu yawa, su sa hannu kawai sa'ad da wani abu ya taso.

Amfanin wannan a fili yake. Kuɗin mai da gyaran na'ura ya ragu, hoto ya yi tas, tashoshi sun yawaita. Amma akwai abu uku da ya wajaba shugabannin jama'a su sa wa ido.

Na farko, abin da aka tara wuri ɗaya, wuri ɗaya yake lalacewa. In wuta ta ɗauke a cibiya babu inji na biyu, tashoshin duka ne za su yi shiru tare.

Na biyu, na'ura ba ta san alfarma ba. A da, malamin hakimi yakan kai takardar sanarwa da la'asar, a karanta da magariba. Yanzu abin da bai shiga jadawali ba, da wuya ya fita, sai labarin gaggawa.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, in aka riƙa tsara kome daga nesa, shirye-shiryen gida suna iya shiga ƙunci. Mai tsara jadawali a babban birni bai san ranar da ake sakin ruwan Tiga ga masu noman rani na Kadawa ba, bai kuma san lokacin da makiyaya ke ratsa gefen dajin Falgore ba. Sai an gaya masa.

Halin ƙasar Bagauda

Tsohuwar hanya tana da haƙuri. In gari ya yi nisa da eriya, hoto yakan zo da yayyafi, amma a gane fuska, a ji magana. Dijital ba ta da tsaka-tsaki: ko hoto ya fito sarai, ko ya daskare ya ɓace. Wannan ya shafi yankin nan ƙwarai, gama ƙasar ba ɗaya ba ce. Bebeji da gefen Kwanar Dangora fili ne, kuma sun fi kusa da Kano. Amma in aka wuce Tudun Wada aka shiga Falgore, aka nufi duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, nisa ya ƙaru, tsaunuka kuma suna tare saƙo. Garin da ke bayan dutse yana bukatar ko ƙaramar tashar maimaitawa kusa da shi, ko kuwa faranti mai karɓa daga tauraron ɗan Adam.

Tsohuwar talabijin ba ta zama shara ba. Abin da take bukata shi ne ƙaramin akwati, wanda jama'a ke kira dikoda, a haɗa shi tsakaninta da eriya. Na shirin gwamnati sunansa FreeTV, ba a biyan kuɗin wata wata a kansa kamar na kamfanonin kasuwa. Bikin da aka yi a Kano kuma buɗe sabuwar hanya ne. Ba a kashe tsohuwar a ranar nan ba.

Abin da ake roƙon hakimai da malamansu

1. A bayyana wa dagatai da masu unguwanni wannan al'amari da harshe mai sauƙi, don kada wani ya sayar da talabijinsa da arha saboda jita-jita.

2. A gargaɗi jama'a kada su sayi dikoda sai an gwada ta a gabansu, a garinsu, gama wadda ta yi aiki a Kano ba lalle ne ta yi a Doguwa ba. Eriya kuma a ɗaga ta waje bisa dogon itace ko ƙarfe, a fuskantar da ita wajen tashar watsawa.

3. Kowane malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane ƙauye, da ko hoto na zuwa ko ba ya zuwa, da rani da damina. A aika da shi ta hannun ƙaramar hukuma. Injiniya ba ya kafa tashar maimaitawa a kan ƙorafin baki, amma yana duba rubutaccen lissafi.

4. Sanarwar allurar rigakafi, da rabon taki, da taron sulhu tsakanin manoma da makiyaya, a aika da su kwanaki kafin ranarsu, da kwanan wata da sunan wuri a rubuce sosai.

5. A riƙa gayyatar ma'aikatan ARTV da na NTA Kano su zo su ɗauki labarin ƙasa, na kasuwa da makaranta da gona. Tashar da ta sami labari a hannu ita ke ba shi fili.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sarauta ta daɗe tana isar da saƙo daga fada zuwa ƙauye, ta kuma mayar da kukan ƙauye zuwa fada, tun ana yi da ɗan aike bisa doki. Aikin nan bai sake ba, na'urar ce kurum ta sake. Allah ya ba hakimai ikon riƙon amanar jama'arsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.